Rumfar Hasana a Titin Apo

Duk bakaniken da ya yi aiki a Apo a 'yan shekarun nan ya san rumfar Hasana. Tana tsallaken babban titi, daura da garejin makanikai, a gindin wata tsohuwar darbejiya. Ba wata rumfar a zo a gani ba ce. Kwano ne a sama, benci biyu a ƙasa, sai manyan tukwane na shinkafa da wake, da mai da yajin da ita kaɗai ta san abin da take zubawa a ciki. Azahar na yi makanikai za su fara tsallakowa, hannuwa baƙi ƙirin da baƙin mai, su wanke da omo a bokiti, su cika bencin har wasu su ci a tsaye.

Mijinta Ɗanladi mai faci ne, injinsa na ba taya iska yana nan gefen rumfar. Daga wani ƙauye kusa da Funtua suka zo Abuja tun suna sabon aure, a nan kuma suka haifi 'yarsu tilo, Khairat. Ɗaki ɗaya suke haya a unguwar da ke bayan rumfar. Maƙwabciyar Hasana a bakin titi ita ce Christina, wata 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da lemo da ruwan sanyi. Sun saba sosai, har idan ɗaya ta tafi salla ko coci, ɗayar ke tsare mata kaya.

Lokacin da suka zo, titin siriri ne, duk ramuka, mota ba ta iya gudu ko da direban ya so. Da aka zo aka faɗaɗa shi, aka mai da shi hannu biyu, aka shimfiɗa kwalta sumul, kowa ya yi murna, har da Hasana. Sai da aka buɗe shi mutane suka lura ba a bar musu wurin tsallakawa ba. Ga shi makarantar yara tana can tsallake, masallacin Juma'a yana can, kemis ma can. Gidajen kwana kuwa duk suna wannan gefen.

Wata safiya Ɗanladi ya tsallaka ya karɓo taya a gareji, ya juyo yana gara ta a gabansa. Hasana tana tsaye tana tsame wake, ba ta ga lokacin da motar ta ɗauke shi ba. Ƙarar birki ta ji, da wani sauti kamar an yar da buhun masara daga kan mota. Sai ga tayar ta taho ita kaɗai, ta haura bakin kwalta, ta daki ƙafar benci ta faɗi. Motar, wata baƙar jif, ba ta tsaya ba. Khairat tana tsaye a bakin titi cikin kayan makaranta, tana jiran uban ya dawo ya tsallakar da ita. A kan idonta aka yi komai.

Ɗanladi bai mutu ba. Ya daɗe a asibiti, aka sallamo shi da ransa da hankalinsa, amma daga ƙugu zuwa ƙasa babu abin da yake ji. Dole aka sayar da injin iskar. Mutumin da a da ba ya iya zama wuri ɗaya ya koma kwance a katifa yana kallon rufin ɗaki, yana gane motoci da ƙararsu, ya ce wannan tifa ce, wannan tirela ce ta ɗauko siminti.

Khairat kuwa titi ya gagare ta. Sau da yawa Hasana ta riƙo hannunta har bakin kwalta, amma da mota ta wuce fuu sai yarinyar ta ƙame, ta tsuguna ta toshe kunnuwa. An yi lallashin, an yi faɗan, duk a banza. A ƙarshe aka bar maganar makaranta, ta zama ita ke zama da uban, ta ba shi ruwa, ta gyara masa matashi, ta rugo ta kira uwar idan abin ya fi ƙarfinta. Ba kuma ita kaɗai ba. Mata da dama a unguwar sun cire ƙananan 'ya'yansu daga makarantar tsallake. Tsofaffi sun daina zuwa Juma'a. Ita kanta Hasana, duk sanda aka taka birki da ƙarfi sai ludayi ya kuɓuce mata.

Ana cikin wannan hali Abdulmajeed ya shigo rayuwarsu. Motarsa ya kawo gyara, bakanike ya ce ya jira, yunwa ta tsallako da shi rumfar. Saurayi ne dogo mai gilashi, sanye da shadda mai guga, irin mutanen da ba kasafai suke zama a bencin Hasana ba. Yana jin maganarta ya ɗago kai.

"Baiwar Allah, wannan Hausar taki ba ta Abuja ba ce. Daga ina?"

"Daga wajen Funtua."

"Kai! Ashe yayata ce. Ni ma can aka haife ni."

Tun daga ranar ya koma kiranta Yaya, ita kuma tana ce masa Ƙanina. Ya gaya mata shi injiniya ne a wata hukuma mai kula da tituna, ofishinsu yana Garki. Da ya ji labarin Ɗanladi bai tsaya a jaje ba, ya ce a kai shi ya gan shi. Ya tuɓe takalmi a ƙofar ɗaki, ya zauna a tabarma, suka yi ta hirar gida, ta gonakin auduga da kasuwannin ƙauye, har sai da Ɗanladi ya yi dariya. Ba a jima ba ya dawo da keken guragu a bayan motarsa. Ranar ce Ɗanladi ya fara zama a waje ya sha iska tun da aka sallamo shi. Hasana ta zagaya bayan ɗaki ta yi kukanta ta dawo.

Ya riƙa zuwa duk Asabar, wani lokaci har a ranar aiki. Idan ya gama cin abinci sai ya shiga tambaya. Yaushe mutane suka fi tsallakawa? Ta ina suke bi? Me suke zuwa yi? Hasana kuwa ta daɗe tana neman wanda zai saurare ta.

"Ƙanina, ka zo da azahar ka gani da idonka," ta ce masa, har da ɗan alfahari. "Rabin garejin nan wurina suke cin abinci. Ko ruwa ake yi sai sun tsallako."

Ya zo da azahar ɗin, ya tsaya a gindin darbejiya ya ɗauki bidiyo da wayarsa. Makanikai suna gudu tsakanin motoci, suna cijewa a tsakiyar titi, suna ƙarasowa rumfa suna haki suna dariya. Hasana har cewa ta yi su ɗaga masa hannu.

"Wannan zan nuna wa manya, Yaya," in ji shi. "Wanda yake cikin ofis ba zai yarda ba sai ya gani."

Bayan ƙaramar salla ya zo mata da magana. Hukumarsu za ta ƙaddamar da shiri na kare rayukan masu tafiya a ƙasa. Burin shi ne nan da shekara goma a rage yawan waɗanda titi ke kashewa da rabi. Za a gina gadojin tsallaka titi, a yi tudun rage gudu, a sa fitilu, kuma titin Apo yana sahun farko. Abin da yake so shi ne Hasana ta zo taron ta ba da labarinta da bakinta.

"Ni? Me na sani da zan tsaya a gaban manya?"

"Ba karatu za ki yi musu ba, Yaya. Abin da ya same ku za ki faɗa, ni zan fassara. Idan suka ji daga bakinki, ki ɗauka gadar nan an gama ta."

Ta shawarci Ɗanladi. Ya ce, "Je ki, Hasana. Yaron nan ɗan halak ne. In dai zai sa wani ba zai yi irin kwanciyata ba, je ki faɗa musu."

A wani otal a Garki aka yi taron, ɗaki mai sanyi har cikin ƙashi. Hasana ta sa atamfarta ta salla. Aka miƙa mata makirfo, tana fara magana ta manta da mutanen. Ta faɗi yadda tayar ta iso rumfa ba mai ita. Ta faɗi yadda take ɗaga ƙaton namiji ita kaɗai, da yadda yake juya fuska bango idan tana wanke shi. Ta faɗi yadda 'yarta, wadda a da take karanta allunan talla da ƙarfi don a ji ta iya, yanzu haruffan sun fara kwance mata. Abdulmajeed yana gefenta yana juya maganar da Turanci. Wata mata a layin gaba tana share hawaye da bakin gyale. Wani babban mutum mai babbar riga ya miƙe ya yi jawabi, Abdulmajeed ya raɗa mata cewa ya yi alkawari ba za a sake samun irin Ɗanladi a titin ba. Aka yi tafi, aka ɗauki hotuna da ita, aka ba ta koriyar riga mai zanen babba riƙe da hannun yaro.

Ta dawo unguwa tana ta ba da albishir. Mata suka fara maganar mai da yara makaranta. Christina ce kawai ta taɓe baki, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Mama Khairat, ni sai na ga gada da idona. Mutanen ofis, magana ba ya ƙarewa a bakinsa."

Ran Hasana ya ɓaci. "Wannan ba mutumin ofis ba ne, ƙanina ne."

Ana tsakiyar damina motocin suka zo. Da safe ne, Hasana ta ɗora wake ke nan. Manyan motoci ne da 'yan sanda a baya, da katafila tana biye. Wani mai lasifika ya riƙa shela cewa duk rumfar da ke bakin titi a kwashe yanzu-yanzu. Ma'aikatan suna sanye da korayen riguna. Hasana ba ta karanta Turanci, amma ta gane zanen da ke ƙirjinsu, babba riƙe da hannun yaro. Ta ruga wajen shugabansu.

"Oga, ku ne masu gada? Ni ce Hasana. Ni ce na yi magana a taronku na Garki."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Madam, kwashe tukunyarki kafin a taka ta."

Da ƙyar wasu makanikai suka tsallako suka taya ta janye tukwanen. Katafila ta ɗaga kwanon rumfar ta murƙushe shi da bencinan kamar takarda. Firjin Christina aka jefa cikin mota, tana ihu tana bin su. A tsakiyar titi kuma wasu ma'aikatan suna kafa ƙarafa suna ja musu waya, shinge mai tsayi da ya fi mutum. Hasana ta kira lambar Abdulmajeed. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, daga baya aka ce a kashe take.

Washegari ta bar Khairat da uban ta hau mota zuwa Garki. Mai gadi ya hana ta shiga, sai ta samu bakin kwalbati kusa da ƙofar ta zauna. Tana nan har aka kira azahar, ma'aikata suka fara fitowa. Abdulmajeed na ganinta ya ja ya tsaya, sannan ya yafito ta gefe, tsakanin motocin da aka ajiye.

"Yaya, sannu. Na ji abin da ya faru. Ina ta son in kira ki."

"Ina gada?"

"Gada tana nan a tsari. Bana dai ba za ta samu ba, sai baɗi in Allah ya so. Amma ba za mu zauna muna kallo ana mutuwa ba. Kwamiti ya duba ya ga rumfunan ne ke sa mutane tsallakawa a daidai wurin. Idan babu rumfa, aka kuma sa shinge, babu mai tsallakawa."

"Makaranta fa? Masallaci fa? Su ma za ku rushe su?"

"Akwai mahaɗa can gaba, za a iya zagayawa."

"Da ƙafa? Tsoho da ɗan yaro?" Ta matso kusa da shi ta ce, "Wa ya gaya wa kwamitin rumfata ce ke jawo mutane?"

Ya cire gilashinsa yana gogewa da bakin riga.

"Bidiyon nan ne ko? Wanda na ce su ɗaga maka hannu."

"Yaya, Allah shaida ne gada na nema da shi. Su abin da suka gani daban. Na yi magana ba a ji ba. Ni ƙaramin ma'aikaci ne. Tun cikin azumi suka yanke shawarar, babu yadda na iya."

Hasana ta ƙura masa ido. Sannan ta ce a hankali, "Tun cikin azumi. Taron otal kuwa bayan salla aka yi."

Ya sunkuyar da kai.

"Ke nan ranar da ka zauna a bencina kana cewa in zo in yi magana, ka riga ka san za a murƙushe bencin."

"Na yi zaton idan suka ji ki za su canza shawara. Kuma oga ya ce lallai a samo wanda abin ya shafa. Da na gaya miki, da ba ki zo ba."

"Da ban zo ba," ta ce. Muryarta ba ta tashi ba, amma sai da ta dafa wata mota. "Na tsaya a gaban mutanen da ban sani ba na faɗi yadda nake wanke mijina. Ko uwar da ta haife ni ban taɓa gaya mata ba. Kai kuma kana gefena kana juya shi da Turanci."

"Yaya, ki saurare ni. Zan yi magana a samo miki wuri a kasuwa." Ya kai hannu aljihu.

"Bar shi, ranka ya daɗe. Je ka, kada salla ta wuce ka."

Ya ɗago da sauri kamar ta mare shi. Ita kuwa ta gyara mayafinta ta nufi bakin hanya.

Ta so ta ɓoye wa Ɗanladi, amma tana shiga ya tambaye ta, "Kin gan shi? Na san bai san da wannan aika-aikar ba." Sai ta zauna a bakin katifa ta gaya masa duka. Yana kan keken a ƙofar ɗaki.

"Sauke ni," ya ce. "A mayar masa da kekensa."

"In na mayar, wa zai riƙa ɗauko ka? Bayana ya gaji, Baban Khairat. Ba keken ne ya cuce mu ba."

Bai sake maganar ba, amma ya yi kwanaki bai yarda an fito da shi waje ba.

Shingen bai daɗe ba aka yanke masa ƙofa da almakashin ƙarfe, don dole mutane su je aiki, su je kemis. Sai abin ya fi da muni. Yanzu sai a taru a tsakiyar titi ana jiran layi, ana kutsawa ɗaya bayan ɗaya, motoci na wucewa gaba da baya, direbobi kuma ganin shinge ya sa sun ƙara gudu. Kafin damina ta ɗauke an kaɗe wani mai tallan rake a daidai wurin. A makon ne Ɗanladi ya ji wani jami'i a rediyo yana cewa an shawo kan matsalar titin Apo. Ya miƙa hannu ya kashe rediyon.

Hasana ta koma dafa abinci a tsakar gida. Tun da an hana makanikai zuwa wurinta, ita ta koma zuwa wurinsu. Christina, da ba ta samu firjinta ba, ta zama abokiyar sana'arta. Su ɗora tukwane a ka, su tsallaka hannu ɗaya, su sauke su tura ta ƙofar shinge, su sake ɗauka su tsallaka ɗayan, su dawo su kwashi saura. Tun hantsi take barin gida sai bayan la'asar.

Wata rana ta dawo ta tarar da Ɗanladi a ƙasa. Ya yi ƙoƙarin matsawa daga keke zuwa katifa ne ya zame. Khairat ta rungumo ƙirjinsa tana ja tana kuka, ta kasa ɗaga shi, ta kuma kasa tsallaka titi ta kira uwarta. Sun daɗe a haka. Ranar Hasana ta kira wan Ɗanladi a ƙauye. Ya ce a kawo shi, akwai samari a gidan da za su riƙa ɗaga shi, makaranta kuma tana bayan gida. Ita Hasana dole ta zauna, don daga tukwanen nan magani ke fitowa.

A tashar Utako ta sa su a mota. 'Yan kamasho suka taya ta ɗora Ɗanladi a kujerar gaba, ta cusa masa matashi a baya da gefe. Ta zagaya wajen direban.

"Direba, don girman Allah ka tafi a hankali. Amana ce na ba ka."

Ya yi dariya. "Haba Hajiya, kullum hanyar nan nake bi."

Khairat ta leƙo ta taga. Ta yi tsawo a 'yan watannin nan, fuskarta ta zama ta manya.

"Umma, yaushe za ki zo?"

"Da babbar salla, in Allah ya yarda."

"To ki daina tsallakawa."

Hasana ta matso jikin tagar. Ta miƙa hannu ta gyara wa yarinyar hijabi, ta ce ta riƙa jin maganar baffanta, ta kuma dage da karatu. Ɗanladi bai juyo ba, idonsa na kan gilashin gaba, amma da ta zo tagarsa ya kama hannunta ya riƙe har motar ta fara motsi.

Ta tsaya tana kallo har motar ta fita daga tasha ta shige cikin sauran motoci. Wayarta ta yi ƙara. Christina ce, tana cewa wake ya dahu tun ɗazu, makanikai sun fara aiko tambaya, ita kuma ba za ta iya ɗaukar babbar tukunya ita kaɗai ba.

"Ga ni nan," in ji Hasana. Ta share fuska da bakin mayafi, ta fita neman motar Apo.